Kafin Ka Ɗauki Sifana, Ɗauki Biro

Jawabin da wani ɗan ƙungiya mai sana'ar gyaran famfo a Ingila ya gabatar a taron 'yan uwa. Mun buga shi domin amfanin na nan da na gida.

An ce in yi magana a kan sana'ata, mu da kuke kira falamba, kuma an ja mini kunne kada in wuce lokacin abinci. To, zan ɗauki abu guda in tsaya a kansa.

Abin shi ne: yawancin ɓarnar da nake tararwa a gidajen 'yan uwa da suka gwada gyara da kansu, mantuwa ce take jawo ta. Mutum yana da hannu, yana da sifana, ya kalli bidiyo a YouTube har sau uku. Amma ya kwance abu bai san yadda ya same shi ba, ya je shago bai san awon abin da zai saya ba, ya mayar ya bar washa ɗaya a kan tebur. Washar nan kuɗinta bai kai na kofin shayi ba, amma rashinta kan zubo da silin na maƙwabcin da ke ƙasanka. A gida, in famfo ya fashe a tsakar gida, ƙasa ta shanye, rana ta busar. A nan kuwa daɓen katako ne, ga kafet, ga wayar wuta a ƙarƙashi, ga wani Bature yana barci a hawa na ƙasa. Don haka maganata yau ta tattara bayani ce: abin da za a rubuta kafin gyara, da lokacin gyara, da bayansa, da kuma yadda wannan ɗabi'a za ta tsare mana kuɗin gidajen da muke ginawa a gida.

Kafin a taɓa komai

Tambaya ta farko: gyaran nan na wane ne? Da yawanmu haya muke yi. A Ingila, dokar masu gida da 'yan haya ta 1985, sashe na 11, ta ɗora wa mai gida nauyin kula da bututun ruwa, da masai, da wurin wanka, da abin ɗumama gida. Idan kana haya, aikinka ka sanar da shi a rubuce, da hoto, da kwanan wata. Saƙon waya ma rubutu ne, kada ka goge shi. In ka sa hannu da kanka abu ya lalace, nauyin ya dawo kanka, kuma daga kuɗin ajiyarka za a cira.

Tambaya ta biyu: ina babban makullin ruwan gidan? Turawa suna ce masa sitofkok. Yawanci yana ƙarƙashin sinkin kicin, wani gidan a bayan masai na ƙasa, wani a ƙarƙashin bene. Ana rufe shi ta murɗawa yadda hannun agogo yake tafiya. Ina roƙon kowa, in ya koma gida yau, ya neme shi, ya gwada ko yana murɗuwa, ya nuna wa uwargida da manyan yara. Ranar da bututu zai fashe, sau da yawa maigida yana wurin aiki, Hajiya ce a gida da yara. In kun buɗe shi har ƙarshe, ku mayar da shi baya kamar rubu'in zagaye, don kada ya cije ya ƙi motsi ranar da ake buƙatarsa. Akwai kuma wani makullin a waje, cikin ɗan rami a bakin hanya, yawanci tare da mita. Shi ma a san inda yake.

Bayan babban, akwai ƙananan makullai a jikin bututun da ke shiga famfo ko tankin masai, masu tsaga ɗaya da ake juyawa da sukundireba. In tsagar ta bi tsawon bututu, ruwa na wucewa. In ta gitta, ya rufu. Kafin ka juya, ka lura da yadda ka same shi. Wani an bar shi rabi da gangan don a rage ƙarfin ruwa, kai kuma ka buɗe shi gaba ɗaya, washegari famfo yana watsa wa mutane ruwa a riga.

Sai hoto. Gani ya kori ji, kuma waya tana aljihun kowa. Ɗauki hoto daga nesa yadda duk wurin zai fito, sannan na kusa, sannan na ƙasa inda ido ba ya kaiwa, da fitila a kunne. In akwai suna ko lamba a jikin famfon, ko a cikin murfin tankin masai, ɗauke ta. Lambar nan ita ce za ta hana ka zuwa shago sau uku.

Lokacin kwancewa

Abu na farko, toshe ramin sinki, ka shimfiɗa tsumma a ciki. Ɗan sukurun da ke riƙe kan famfo bai fi ƙwayar shinkafa girma ba. In ya gangara rami, aikin minti ashirin ya koma na wuni guda.

Na biyu, ka jera abin da ka ciro bi da bi. Ni kwalin ƙwai nake ba mutane shawara su yi amfani da shi, domin yana da gurabe a jere kuma kowane gida akwai shi. Abin da ya fara fita ya shiga gurbi na ɗaya, mai bi masa gurbi na biyu, haka har ƙarshe. Wajen mayarwa sai ka faro daga na ƙarshe ka dawo. Kuma ka ajiye kowane abu ta fuskar da ya fito. Akwai washar roba da gefenta ɗaya siriri ne, ɗaya mai kauri, irin wadda ke jikin gwiwar da ke ƙarƙashin sinki. Siririn gefen shi ne yake shiga cikin mahaɗa, mai kaurin yana kallon noti. In ka juya ta, komai ƙarfin da ka sa wajen ɗaurewa sai ta yi yoyo.

Na uku, bayan kowane mataki ka sake ɗaukar hoto. Kada ka ce za ka tuna. Waya za ta yi ƙara, yaro zai yi kuka, lokacin salla zai yi, ka dawo ka tsaya kana kallon zobe biyu masu kama da juna ba ka san wanne ne na sama ba.

Na huɗu, ka ƙirga. Wannan ya fi shafar hitar bango, wadda ruwan zafi ke zagayawa a cikinta. Tana da makulli biyu. Ɗaya shi ne wanda kuke murɗawa kullum, ɗayan yana da hular roba, ba a taɓa shi. Wanda ya haɗa gidan ya saita na biyun ne domin zafi ya rabu daidai tsakanin ɗakuna. In za ka cire hitar don yin fenti, ka ƙirga sau nawa ka murɗa kafin ya rufu, ka rubuta a jikin takarda ka manna a bango. In ka mayar, ka buɗe shi daidai wannan adadi. Wanda bai ƙirga ba, shi ne za ka ji yana cewa falo kamar gidan burodi, ɗakin yara kamar firji. Ka kuma duba agogon da ke jikin boila kafin ka fara. A yawancin gidaje allurar tana tsayawa tsakanin bar 1 da 1.5 in boilar ta huce. Rubuta inda ka same ta.

Na biyar, kada ka jefar da tsohon abu sai sabon ya zauna, ya kwana bai ɗiga ba. Tsohon shi ne shaidarka a shago. Ka sa shi a leda ka tafi da shi Screwfix ko B&Q ko wurin masu sayar da kayan famfo na unguwa, ka ɗora a kan kanta. Wannan ya fi dogon Turanci.

Kama da wane ba ta wane

Yanzu ga inda kuɗi suke zurarewa. Kayan famfo suna kama da juna ƙwarai, amma bambancin milimita ɗaya ya isa ya jiƙa gida.

Bututun jan ƙarfe na ƙasar nan awonsa milimita 15, da 22, da 28, kuma kaurin waje ake aunawa. Sai dai a farkon shekarun 1970 ne aka koma wannan awo. Gidajen da suka girmi haka, waɗanda su ne da yawanmu muke ciki a Landan da Birmingham da Manchester, suna iya kasancewa da tsohon bututu mai awon inci. Tsohon rabin inci yana karɓar mahaɗar 15 mai noti ba matsala. Amma tsohon inci uku bisa huɗu ya ɗan fi 22 siranta. Za ka sa mahaɗa, ka ɗaure, ka ga kamar ta kama, da dare ta fara gumi. Akwai zobe na musamman da ake sayarwa domin wannan. Zoben nan na tagulla da ke cikin mahaɗa, wanda Turawa suka sa wa sunan 'ya'yan zaitun, shi ne yake hana yoyo, kuma in ya matse sau ɗaya ba a ciro shi a kai wani bututu.

In ba ka da ma'aunin kauri, ga dabara. Yanki siririyar takarda, naɗa ta a jikin bututun, yi alama inda ta haɗu, ka shimfiɗa a kan rula. In ka sami kusan milimita 47, bututun 15 ne. In 69 ne, 22 ke nan. In 63, to 20 ne. In ya kusa 79, 25 ne. Na gida ma za su iya yin haka su turo maka hoto.

Bututun da ke fitar da ruwan datti shi ma yana da tarkonsa. Na wurin wanke hannu 32 ake ce masa, na sinki da baho 40, na masai 110. Amma 40 ɗin iri biyu ne. Akwai wanda ake haɗawa da gam, akwai wanda ake turawa kawai ya shige cikin zoben roba. Suna ɗaya, kauri daban: na gam ya kai kusan 43, na turawa kusan 41. Ba sa shiga juna. Mahaɗa mai noti da washar roba ce take karɓar duka biyun. Saboda haka kafin ka fita, duba ko akwai alamar gam a mahaɗun gidanka, ka rubuta.

Sai 'yar cikin famfo, wato katirij. Famfon zamani da ake buɗewa da rubu'in murɗi ba washa ce a cikinsa ba, faifai biyu ne na tangaran. In ya fara ɗiga, katirij ɗin ake canzawa. Abu huɗu za ka rubuta: tsawonsa, kaurin zarensa, yawan haƙoran da ke kan sandar da hannun famfo yake hawa, da ɓangaren da yake buɗewa. Haƙoran nan wani 20 ne, wani 24, wani 28. Ɗauki hoton kan sandar, ka faɗaɗa a waya, ka ƙirga a natse. Na zafi da na sanyi kuma sau da yawa ba ɓangare ɗaya suke juyawa ba, shi ya sa za ka ga ɗaya da jan roba, ɗaya da shuɗi. Famfo mai hannu ɗaya da ke gauraya zafi da sanyi, nasa katirij ɗin yawanci 35 ne ko 40, amma ƙafafun da ke gindinsa suna bambanta. A tafi da tsohon.

Ga kuma maganar zare, wato layin nan da noti yake hawa a kai. Wannan ya shafi 'yan uwanmu na Amurka da za su karanta jawabin nan. Zaren bututun Ingila, wanda ake kira BSP, ya samo asali daga tsarin da wani injiniya, Joseph Whitworth, ya fitar a 1841, kuma kusurwar haƙorinsa digiri 55 ce. Na Amurka, NPT, digiri 60 ce. Abin da yake ruɗar mutane, a rabin inci da inci uku bisa huɗu dukansu layi 14 ne a kowane inci. Don haka noti zai fara hawa, ka ce alhamdu lillahi, ya yi zagaye biyu ko uku ya cije, ko ya shige amma ya riƙa tsiyaya har abada. Yawancin kayan da ake sayarwa a kasuwanninmu na gida zaren Ingila ne da su. Wanda ya cika akwati da famfuna daga Amurka ya kai gida ba tare da mahaɗar da ke sauya zare ba, ya yi dakon ƙarfe ne kawai. Wani abin mamaki kuma, abin da ake kira rabin inci a zare, in ka sa rula za ka ga kusan milimita 21 ne. Suna ne kawai, kada ka auna ka ce an cuce ka.

Mayarwa da gwaji

In ka gama mayarwa, dubi kwalin ƙwanka. Dole ya zama babu komai a ciki sai tsofaffin da ka canza. In ka ga saura washa ɗaya, kada ka ce ai ƙari ce. Masu ƙera famfo ba sa yin gyara irin na mai tumatir. Koma ga hotunanka ka nemo gurbinta.

Farin tef ɗin da ake naɗawa a zare, a naɗa shi ta ɓangaren da noti yake shiga, don kada ya warware. Kuma ba ko'ina ake sa shi ba. Inda akwai washa ko zoben tagulla, su ne masu aikin, tef a kan zaren ba ya ƙara komai. Wajen ɗaurewa, a fara da hannu, sannan a ƙara kaɗan da sifana. Notin roba in ya sha ƙarfi tsagewa yake yi.

A buɗe ruwa a hankali, mutum ɗaya a wurin makulli, ɗaya a wurin gyara. A goge mahaɗa ta bushe, a naɗa mata takardar bayi, a dawo bayan awa ɗaya, a sake dubawa da safe. Takarda tana tona ɗigon da ido ba ya gani. In kana da mita, rubuta lambarta da dare bayan kowa ya gama amfani da ruwa, ka sake dubawa da asuba kafin a buɗe famfo. In ta motsa, akwai inda yake zuba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. In ka raba da jarkar mai ruwa ta lita 25, jarka 440 ke nan. Duk wanda ya taɓa jiran ɗan ga-ruwa a watan Afrilu ya san darajar wannan.

Littafin gida

Duk abin da na lissafa, wuri ɗaya nake so ya taru. A sami ƙaramin littafi, ko a buɗe wurin ajiya na musamman a waya, a sa masa suna famfon gida. Shafin farko: inda babban makulli yake, inda mita take, lambar kamfanin ruwa, lambar inshora, lambar mai gida. Sannan kowane ɗaki da shafinsa: sunan famfo da lambarsa, awon bututu, ranar da aka yi gyara, abin da aka canza, inda aka saya, da wanda ya yi aikin. A ɗauki hoton rasit nan take, domin tawadar rasit na shagunan nan gogewa take yi kafin garanti ya ƙare. Ragowar washa da zobe a sa su a ƙaramar leda, a rubuta na wane famfo ne.

Masu zama a Landan da kudu maso gabas, ruwanku yana da farin ɓawon nan da kuke gani a butar shayi, kuma yana cin katirij da kan shawa da wuri. Na Birmingham da Manchester ruwanku mai laushi ne, domin daga tsaunukan Wales da yankin tafkuna na arewa ake janyo shi. Littafin zai nuna maka kowane wata nawa abu yake lalacewa. In famfo ɗaya ya ci katirij uku a shekara biyu, ka san lokacin canza famfon ya yi. In kuma gidanka ya girmi 1970, duba bututun da ke shigowa wurin babban makulli. In ka ga ruwan toka ne, mai laushi, yana ƙyalli in an kankare shi da tsaba, mai yiwuwa na dalma ne. Rubuta, ka sanar da kamfanin ruwa, musamman in akwai ƙananan yara ko mai juna biyu a gidan.

Gidan da muke ginawa a gida

Yanzu bari in juya ga abin da na san ya fi ci wa da yawanmu tuwo a ƙwarya. Kusan kowa a ɗakin nan yana da gini a gida, ko ya gama ko yana kai. Kuɗi daga nan suke tafiya, ido kuwa yana can, wurin ƙane ko kawu.

Abu mafi tsada a aikin famfo shi ne wanda aka binne a bango. Da zarar an yi fulasta an manna tayil, babu mai sanin inda bututu ya bi, har shi wanda ya shimfiɗa shi. Bayan shekara biyu kafinta ya zo kafa madubi, ya huda bututu. Ko bango ya fara jiƙa, a fasa tayil ashirin ana neman mahaɗa ɗaya, irin tayil ɗin kuma ya ƙare a kasuwa. Don haka sharaɗi ɗaya za ku kafa: ba za a rufe bango ba sai an ɗauki hoton kowane bango, da tef ɗin awo a miƙe a cikin hoton, daga kusurwa zuwa bututu, daga ƙasa zuwa mahaɗa, an rubuta sunan ɗakin da alli a jikin bulo. Kuma sai an toshe bakunan, an cika bututu da ruwa, ya kwana ya wuni ana dubawa. A turo hotunan ta WhatsApp, kai kuma ka sauke su ka adana, kada ka bar su a cikin hira. A ajiye kwali ɗaya ko biyu na kowane irin tayil a sito.

Iyayenmu da 'yan uwanmu na gida da za ku karanta wannan, don Allah kada ku ɗauki neman hoto da rasit a matsayin rashin yarda. Kariya ce gare ku. Ranar da wani zai ce kuɗin Alhaji sun yi ƙafa, takarda ce za ta wanke ku. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan buhun siminti da ba a rubuta ba.

Sai aika kaya. Kafin ka sayi famfo ko shawa a nan, tambayi abu uku. Na ɗaya, wane irin bututu aka sa? Yanzu gidaje da yawa a gida PPR ake sa musu, wanda ake narkawa da injin zafi a haɗa, mai awo 20 da 25 da 32. Mahaɗar 15 da 22 ta nan ba ta hawa kansa, sai ta wurin zare. Na biyu, masai ta ƙasa zai fitar ko ta bango, kuma nawa ne nisan ramin daga bango? In an riga an zuba daɓe, masan ne zai bi ramin. Na uku, wanda aka fi mantawa, ƙarfin ruwa. A nan ruwan layi yana zuwa da ƙarfinsa. A gida daga burtsatse sumo yake tura shi tankin sama, daga nan nauyinsa ne kawai yake gangaro da shi. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan bar 1. In gindin tankinka yana mita 6 daga ƙasa, kan shawa yana mita 2, tazarar mita 4 ce, wato bar 0.4. In ka duba kwalin shawar da ka saya ka ga an rubuta tana buƙatar aƙalla bar 1, to a gida hawaye za ta riƙa yi. Ko ka sayi mai aiki da ƙaramin ƙarfi, ko ka shirya sayen injin ƙara ƙarfi. Shawa mai wuta ta ƙasar nan kuwa, mai kilowat 8.5 zuwa 10.5, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta.

Shawarata, abin da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, a saye shi a can, mai kyau, domin ranar da ya lalace a can za a sami kayan gyaransa. In kuma ka ƙwallafa rai a kan na nan, ka haɗa da katirij biyu na ajiya, ka rubuta lambarsa a littafin wancan gidan. Shi ma yana buƙatar littafinsa, kwafi ɗaya a can, ɗaya a wurinka.

Inda za a tsaya

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, don haka akwai wuraren da littafi da hoto ba su ba ka izinin sa hannu ba. Duk abin da ya shafi gas, har da buɗe cikin boila, sai mai rajistar Gas Safe, tsarin da yake aiki tun 2009. Ka nemi katinsa, ka rubuta lambarsa a littafinka. Tankin ruwan zafi mai matsi shi ma yana da takardar ƙwarewa ta daban.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: 'yar shawar tsarki da muke sawa a gefen masai maimakon buta. Dokar kayan ruwa ta 1999 ta sa ta cikin abubuwa mafi haɗari, domin in kanta ya faɗa cikin masai a daidai lokacin da ƙarfin ruwan layi ya faɗi, tana iya zuƙo ƙazanta ta mayar cikin ruwan sha, naka da na maƙwabta. Doka ta ce a sanar da kamfanin ruwa kafin a sa, kuma akwai yadda ake haɗa ta da ba za ta mayar da ruwa baya ba. Kada a saye ta a intanet a ɗaura a bututun masai kawai. A nemi wanda ya san ƙa'idar, a adana takardar.

Na ƙarshe, masu tafiya gida hutun Disamba. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga bututu, ɓarnar kuma sai ƙanƙara ta narke take bayyana. Waɗanda suke nan a Disamban 2022 sun ga yadda gidaje suka sha ruwa. Kafin ka kama hanyar filin jirgi, rufe babban makulli, ka bar ɗumin gida a ƙasa-ƙasa, ka ba wani amintacce mabuɗi tare da hoton inda makullin yake. Ka kuma karanta takardar inshorarka, domin da yawansu suna da sharaɗi a kan gidan da aka bari babu kowa fiye da kwana 30 ko 60.

Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga ƙungiya. A ware shafi guda a mujallarmu, a zana jadawali mai gurabe: makulli, mita, awon bututu, sunan famfo, ranar gyara, wanda ya yi. Kowa ya yanke ya manna a cikin ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki, a kuma tura wa na gida su manna a sito. Ni zan tsara shi kyauta in an amince. Wanda kuma yake da hoton wani famfo da ya gagare shi, ya same ni bayan an ci abinci mu duba tare.

Allah Ya tsare mana gidajenmu na nan da na can, Ya sa albarka a abin da muke nema, Ya ƙara mana zumunci.